Ghali da Ta'aziyyar da Ta Ɓata Hanya

Tun da aka kafa birnin Doha ba a yi baƙon da ya riƙe zumunci kamar Ghali Sabo ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin Ghali da kansa ya sha faɗinta, kuma ba a taɓa jin wanda ya musa masa ba. Sai dai a cikin saƙon murya yake faɗinta, inda ba a iya katse mutum.

Mutumin Malumfashi ne. Mahaifinsa, Malam Sabo tela, ya yi suna a kan abu guda: ba a kai masa ɗinki a karɓa ranar da ya ce, saboda kullum akwai jana'iza, ko suna, ko dubiya, ko wani da ya dawo daga tafiya da ya kamata a je a yi wa barka da sauka. Babu keken ɗinki a garin da ya kai nasa hutawa. Ghali bai gaji ɗinkin ba, amma sauran duk ya gada. Tun yana saurayi, in aka yi rasuwa a unguwa shi ne farkon zama a tabarma, shi ne kuma mai naɗe ta. Ya gama sakandare, ya yi sana'ar cajin waya a bakin tasha, ya auri Haulat 'yar Alhaji Yusif mai sayar da taki, sannan wani eja mai kai mutane aiki ƙasar waje ya samo masa aikin gadi a Qatar. Ranar da zai tafi, ba jirgi ne ya dame shi ba, ba kuma zafin da ake ba da labari ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wa zai riƙa zuwa gaisuwa a madadinsa.

Ya sauka Doha 'yan watanni kafin annobar korona. Kamfanin gadin ya ba shi gado a wani gida a Mu'aither, ɗaki ɗaya da wani Gafaru, ɗan Zangon Accra, mutum mai barci kamar an biya shi ya yi. Ya kuma ba shi wurin aikin da kowane mai gadi a kamfanin yake mafarki: falon shiga na wani ginin ofisoshi a unguwar Old Airport.

Sai wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar wurin ajiye motoci a Doha cikin watan Yuli ya san darajar wannan falo. Akwai sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki, mai ratsa ƙashi. Akwai dogon teburi da ke ɓoye mutum daga ƙirji zuwa ƙasa, da soket a daidai gwiwa, da intanet ɗin wani ofishin inshora na hawa na farko wanda ke saukowa kyauta. Sama da duka akwai kujera, baƙa, mai juyawa, mai wurin ɗora hannu. Da yawa daga cikin abokan aikinsa ba sa zama a bakin aiki sai in sun zo tahiya a sallah. Ghali ya san haka, ya kuma ƙudurta a ransa cewa duk abin da zai faru a ƙasar nan, kujerar nan ba za ta kuɓuce masa ba.

Sai korona ta zo. Ma'aikatan ginin suka koma aiki daga gida, aka bar Ghali da takunkumi a fuska, da na'urar auna zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga, da umarnin kada ya bar kowa ya wuce sai wayarsa ta nuna kore a manhajar lafiya. Ya riƙe umarnin da gaske. Matsalar ita ce babu mai wucewa. Akwai ranar da tun safe har la'asar mutum ɗaya ya shigo, mai gyaran lif. Ghali ya auna goshinsa da shigarsa, ya sake aunawa da fitarsa.

A gida kuma an sa dokar kulle, an hana taro. Zaman makoki ya gagara, suna ya koma na 'yan cikin gida. Ga mutum irin Ghali wannan ya fi cutar kanta tayar da hankali. A kan kujerar nan ya buɗe zauren WhatsApp, ya sa masa suna Zumuncin Malumfashi Gida da Waje, ya naɗa surukinsa Alhaji Yusif uban ƙungiya, ya naɗa kansa mai kula da zaure. Kafin azumi ya wuce zauren ya cika, har ana kamun ƙafa a shiga.

Ghali yana da ƙa'ida. Ta'aziyya a rubuce, a wurinsa, wulaƙanci ce. Ɗan hoton nan na tafukan hannu biyu a haɗe kuwa, sai dai a aika wa wanda ba a san iyayensa ba. Gaisuwa da baki ake yinta: a yi sallama, a tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi haƙuri, a yi wa mamaci addu'a, a kawo wani alherinsa ko da sai an yi bincike, a yi wa na baya addu'a, sannan a sake tambayar haƙuri kafin a rufe. Bai kuma yarda da gaisuwar jimla ba. In mamaci ya bar 'ya'ya tara, saƙo tara ne. In sun amsa, to amsar ma gaisuwa ce, ba a barinta a ƙasa.

Da mutane suka ga akwai wanda ba ya ƙin amsawa, sai suka fara kawo masa abin da ba gaisuwa ba. Daga bayan teburin nan ya sasanta rikicin kwata tsakanin maƙwabta biyu. Ya zaɓi ragon suna ta bidiyo, har ya sa aka buɗe masa bakin ragon ya duba haƙora. Ya gano wa wata tsohuwa akuyarta da ta ɓata, shi yana Doha, akuyar tana bayan masallacin Juma'a.

Kamfanin yana da doka bayyananna a kan wannan: an hana mai gadi taɓa waya a bakin aiki. Yana kuma da wata dokar: duk mai gadin da aka aika wa saƙo bai amsa nan take ba, za a ɗauka ya bar wurin aikinsa. Ba a taɓa zaunar da dokokin biyu wuri ɗaya an gabatar da su ga juna ba.

Mai aika saƙonnin shi ne shugabansu, Mohammed-Awal, mutumin Zangon Kumasi, siriri, mai waya biyu da jajayen idanu. Ba mugu ba ne. Mudir, wato babban manajan kamfanin, yana zubo masa saƙo daga sama, shi kuma ya zubo wa na ƙasa, kamar indararo. Yana da zauren masu gadi, kuma zauren bai san an tashi aiki ba. Ghali zai sauka daga motar kamfani da magariba, ya cire takalmi, ya jawo kwanon shinkafa, sai waya ta yi ƙara: an sauya jadawalin gobe. Ya kai loma biyu, an mayar da shi yadda yake. Sai hoton takalmin wani mai gadi da bai sha mai ba, da gargaɗi ga kowa. Sai tunatarwa cewa a karanta gargaɗin. Kowane saƙo kuma amsarsa kalma biyu ce ta Turanci, “Noted sir,” wato an gani, yallaɓai. Wanda ya yi jinkiri, gobe za a tambaye shi inda ya je, alhali kowa ya san babu inda mai gadi yake zuwa.

Haka rayuwar Ghali ta daidaita. A wurin aiki yana Malumfashi, a ɗakin kwana yana wurin aiki. Da yake kuma agogon gida yana bayan na Doha da awa biyu, lokacin da ya kamata ya rufe ido shi ne lokacin da mutanen Malumfashi suka ci tuwo suka wanke hannu suka ɗauko wayoyinsu.

A shekara ta biyu jikinsa ya fara magana. Ciwon kai ya kama gefe ɗaya ya zauna. Fatar idonsa ta dama ta riƙa rawa ita kaɗai. Yakan ji waya tana motsi a cinyarsa alhali tana hannunsa. A sallah yakan tsaya yana tunanin ko raka'a ta biyu yake ko ta uku, daga nan ya zarce tunanin ko ya amsa wa ɗan marigayi na bakwai. Wata rana Gafaru ya shigo ɗaki, Ghali ya miƙe ya nuna masa cokali a goshi zai auna zafinsa. Abin da ya fi ba shi tsoro, ko da yake bai gaya wa kowa ba, shi ne ya fara yin ta'aziyya ba ya jin komai. Bakinsa yana cewa Allah ya jiƙan rai, idonsa yana bin lambobin lif.

Haulat ta gaya masa cewa duk garin yana jin muryarsa ban da ita. Ta ce in ta yi kewarsa takan shiga gidan maƙwabta, don ko yaushe akwai wanda ke sauraronsa a can. Ghali ya ce mata ba ta san nauyin jama'a ba ne, kuma ta yi haƙuri, ga wani saƙo ya shigo.

Gafaru ne ya faɗa masa kai tsaye, yana kwance a gadonsa.

“Massa, ka gaji. Kashe wannan abu ka kwana.”

“Gajiyar me? Ni da nake zaune a kujera cikin sanyi? Gajiya ta masu ɗaukar bulo ce.”

“To mai ɗaukar bulo yana kwana. Kai kana kwana?”

Ghali bai amsa ba, don a lokacin yana amsa wa wani.

Annoba ta lafa, ofisoshi suka cika, gari ya shiga shirin gasar cin kofin duniya. Saƙonnin mudir suka ninka, na Mohammed-Awal suka bi su. A Malumfashi an koma zaman makoki da taron suna kamar da, amma babu wanda ya ga dalilin rufe zaure. Yanzu sai a je gaisuwa da ƙafa, a dawo a sake yinta a waya.

Abin ya faru wata rana cikin watan Oktoba, bayan azahar. Mahaifiyar Alhaji Yusif, tsohuwa mai yawan shekaru, ta rasu, Alhaji kuma ya sanar da surukinsa da kansa, ba ta zaure ba, wanda girmamawa ce babba. A daidai lokacin Mohammed-Awal ya aiko wa Ghali, shi ma kai tsaye, cewa ya zo ofis ya karɓi sabuwar hula. Ga mai kawo abinci a gaban teburi yana neman hawa na huɗu, ga wata mata tana tambayar banɗaki. Ghali ya sallame su, ya sunkuya ƙarƙashin teburi kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ya gyara murya.

Waɗanda suka ji saƙon daga baya sun yarda bai taɓa yin ta'aziyya mai kyawunta ba. Kuma ya yi ta yadda ɗan mutunci yake yi wa suruki, wato bai ambaci sunansa ba, bai ambaci sunan marigayiya ba, don kunya. “Ranka ya daɗe,” ya ce, “ashe mahaifiya lokaci ya yi. Yanzu labari ya iso mini.” Ya yabi haƙurinta da jinyar da ta sha. Ya ce uwa ba ta tsufa a wurin ɗanta. Muryarsa ta yi rawa a inda ya kamata. Ya aika, ya buga kalma biyun nan ya aika wa ɗayan, ya ɗago kai ya ce wa wani Balarabe barka da zuwa.

Mohammed-Awal yana wurin ajiye motoci na wani gini lokacin da saƙon ya shigo masa. Shi ma “ranka ya daɗe” Ghali yake ce masa in suna Hausa. Kuma mahaifiyarsa tana Kumasi tana jinya tun bara. Ya saurari rabin saƙon, ya zauna a ƙasa tsakanin motoci biyu. Daga nan ya kira gida. Tsohuwar ce ta ɗauka da kanta, da abinci a bakinta. Ta tambaye shi me yake wa kuka. Da ta fahimta, ta tambaye shi wa ke mata fatan mutuwa a ƙasar Larabawa, sannan ta yi amfani da damar ta tuna masa rabon da ya kira ta.

A Malumfashi kuwa Alhaji Yusif yana zaune a tabarmar makoki cikin dattawa. Da ya ga saƙon surukinsa ya shigo, ya ce a yi shiru, don ya san Ghali, ya san abin da za a ji zai sanyaya zuciya. Sai ya ga babu murya, rubutu ne ɗan guntu. Ya miƙa wa Malam Haruna, malamin firamare da ke gefensa. Malam Haruna ya duba, ya sake dubawa, ya nemi hanyar da zai sassauta bai samu ba.

“Ya ce ya gani, yallaɓai.”

“Sai kuma me?”

“Shi ke nan, Alhaji.”

Ghali bai san komai ba sai da ƙofar gilashi ta buɗe, Mohammed-Awal ya shigo da ƙura a bayan wandonsa. Bai ɗaga murya ba. Ya dafa teburi, ya yi magana da Hausarsa ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji.

“Ghali, wa ya gaya maka uwana ya mutu?”

Ghali ya duba wayarsa. Ya ga inda ta'aziyya ta tafi, ya ga inda ɗayan ya tafi. Ya ji sanyin esi ya ƙaru.

“Ranka ya daɗe, kuskure ne. Ta suruki ce.”

“Ka kashe mini uwa. A lokacin diyuti. A kan kujeran kamfani.” Ya ɗaga wayarsa ya nuna masa tsawon saƙon. “Duk wannan, wa yake gadin ƙofa?”

Ghali ya ce Allah ne mai gadi. Ya san ba amsar da ake nema ba ce, amma ita ta zo.

“Khalas, magana ya ƙare. Tashi.”

Ya tashi. Kafin la'asar an kawo wani ɗan Nepal mai shiru, aka tura Ghali cikin rundunar da kamfanin ya ware wa filayen ƙwallo. Mohammed-Awal, don ya nuna iyakar fushinsa, ya cire shi daga zauren masu gadi. Kafin magariba Alhaji Yusif, a matsayinsa na uban ƙungiya, ya sa an karɓe ragamar zauren Malumfashi an fitar da shi. Ghali ya aika ta'aziyyar ta gaskiya inda ya kamata, ya bi ta da ban-haƙuri, ba a buɗe ko ɗaya ba. Mutanen gari, don kada a gan su tare da wanda ya yi wa uwar surukinsa haka, suka daina aiko masa da komai. A yini ɗaya an kore shi daga ƙasa biyu.

Aikin filin ƙwallo an koya masa shi cikin jimla ɗaya: ya juya wa fili baya, ya kalli 'yan kallo. Aka ba shi riga mai ƙyalli. A ƙofar ma'aikata akwai akwatin ƙarfe inda kowa ke ajiye wayarsa har a tashi, jadawali kuma a jikin bango yake, ba ya bin mutum ɗaki. Duniya ta taru a bayan Ghali tana buga ƙwallo, shi kuwa bai ga ko bugu ɗaya ba. A fuskokin mutane yake gane an ci. In rabin jama'a suka miƙe, rabi suka dafe kai, sai ya ji bakinsa yana neman yi wa rabin jaje.

Gafaru bai bar shi ya huta da tsiya ba. Ya ce su Ghana sun zo buga ƙwallo, Najeriya kuwa ta zo gadin ƙofa. Ghali ya haɗiye. Ranar da aka fitar da Ghana ya yi alwala, ya sa hula, ya zauna a bakin gadon Gafaru ya yi masa ta'aziyya cikakkiya, har da tambayar haƙuri sau biyu. Gafaru ya juya wa bango fuska.

A kwanakin farko hannun Ghali yakan tafi aljihu shi kaɗai ya dawo babu komai. Daga baya ya daina. Ƙafafunsa suka yi tsami, tafin ƙafarsa ya yi kanta, amma ya fara barci a motar komawa gida, ya sauka ya ci abinci har ƙarshen kwano, ya kwanta ya riga Gafaru. Rawar ido ta tsaya. Wata safiya ya farka ya ji wani abu ba daidai ba, ya zauna yana laluben kansa, sai ya gane ciwon ne babu. Hankalinsa ya tashi. Ya tambayi Gafaru ko ya san wata cuta da ke farawa da jin daɗin jiki.

Da yake babu wanda ya rage masa a waya sai Haulat, ita ya riƙa kira. Ya ji labarin haƙorin ɗansu da ya fita, da rufin ɗaki da ke yoyo, da abin da ƙanwarta ta ce mata ranar suna, kuma ya saurara har ƙarshe, har yana tambayar sai me ya faru. Haulat ta ce masa fuskarsa ta ciko. Ya ce baƙin ciki ne, yana kumbura mutum. Ya ce mata shi yanzu ba kowa ba ne: babu kujera, babu jama'a, wayarsa takan yini da caji. Ta ce Allah ya kyauta. A ranta kuwa ta yi addu'ar mahaifinta ya ƙara riƙe fushinsa ko zuwa bayan sallah ne.

Amma Ghali ba mutumin da zai zauna cikin wannan hali ba ne. Ya san hanya ɗaya da ake dawo da abin da ya kuɓuce, wato a tura manya. A Malumfashi Malam Sabo ya rufe shago, da farin ciki, ya kwashi dattawan unguwa zuwa gidan Alhaji Yusif. Sai da suka yi sawu uku. A Doha kuma Ghali ya samu Baba Sunusi, wani dattijon direba ɗan Haɗeja da ya daɗe yana tuƙa iyalin wani Balarabe, wanda duk Bahaushen da ya samu matsala da kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ko shugaba, wurinsa yake zuwa. Ranar wata Juma'a bayan masallaci suka tafi gidan Mohammed-Awal a Ain Khaled, Ghali a baya, kansa a ƙasa, riƙe da kwalin dabino.

Mohammed-Awal ya karɓe su a ɗan falonsa, wayoyinsa biyu a kan cinya suna motsi kamar 'yan tsaki. Baba Sunusi ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jikin tsohuwa, aka ce da sauƙi, har ta fara zuwa kasuwa. Ya ce to ai ga shi, addu'ar da yaron nan ya yi mata ba ta faɗi ƙasa ba, illa dai ta zo da wuri. Ya ce yaro ya yi laifi, ya sha rana, ya ga duniya ta baya. A mayar da shi inda yake.

Mohammed-Awal ya murza ido. Sannan ya ce zai faɗi wani abu, kada ya fita ɗakin nan.

“Baba, ranan da na zauna a ƙasa ina tunani uwana ya mutu, ka san abin da ya fara zo mini? Na ce yanzu za su ba ni hutu, in kashe waya. Kafin kuka ma. Allah ya yafe mini.”

Baba Sunusi ya ce amin. Ghali ma ya ce amin, ko da yake bai ga abin sha'awa a kashe waya ba. Ɗaya daga cikin wayoyin ta yi ƙara, Mohammed-Awal ya duba, ya amsa wa mudir, ya ɗago ya ce ya haƙura. Bayan gasa Ghali zai koma Old Airport. Nan take kuma, a gabansu, ya mayar da shi zauren masu gadi. Kafin su kai bakin titi saƙo ya fara shigowa a kan yadda ake sa sabuwar hula.

A makon ne Alhaji Yusif ma ya sauko. Aka mayar da Ghali zauren Malumfashi, aka damƙa masa ragamarsa. Ya tarar da rasuwa da haihuwa na wata biyu suna jiransa, ya ce babu wadda za ta wuce ba a yi mata gaisuwa ba, ya fara daga ta farko. Haulat ta kira, ya ce zai neme ta. Kafin a kammala gasa ciwon kan ya dawo gefensa na da, Ghali ya karɓe shi kamar maƙwabcin da ya dawo daga tafiya. Ya gaya wa Gafaru cewa yanzu ya ji shi daidai.

Ranar komawarsa, cikin watan Janairu, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, ya sa sabuwar hula yadda aka ce, ya cusa abin caji a aljihu. Ƙofar gilashi ta buɗe masa, sanyi ya tarye shi. Ɗan Nepal ɗin yana tsaye a bayan teburi. Ya miƙa masa makullai, ya ɗan rusuna, ya fita yana ɗingishi. Ghali ya zagaya bayan teburin da bismillah a bakinsa, ya tarar da tayil kawai, babu kujera.

Ya duba ɗakin ajiya, ya duba bayan lif, ya tambayi mai shara. Daga ƙarshe ya aika wa Mohammed-Awal tambaya, a rubuce, abin da bai saba ba. Amsa ta zo nan take. Ashe labarin ta'aziyyar ya kai kunnen mudir tun a makon da abin ya faru, ya yi nazari, ya gano cewa zama ne ke sa mai gadi taɓa waya. Tun watan Oktoba aka kwashe kujerun masu gadi a duk gine-ginen kamfanin.